Mai Kiwon Inuwa, Ya ko Ta

Littafi ɗaya tak na taɓa rubutawa, shi ma haushi ne ya sa. Ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Jimeta, kuma duk sanda na juya baya ina zana kogin Binuwai a allo, rabin ajina suna karanta littattafan soyayya a ƙarƙashin tebur. Na ƙwace, na ƙwace, har durowata ta ƙi rufuwa. Rannan na ɗauki ɗaya don in ga abin da ke haukata su, sai ga ni a shafin ƙarshe, an kaɗa ƙararrawa ban ji ba, ajina na can yana jirana. Na ce to, tunda karatu suke so, bari in ba su nawa.

Labarin wata ƙasa ne inda in tsoro ya kori mutum da gudu, inuwarsa takan kasa bin sa, ta tsaya a inda ya baro ta. Wanda ya rasa inuwa yana ci yana sha, amma ba ya iya zama wuri ɗaya, rana kuma ba ta raga masa. A ƙasar akwai Mai Kiwon Inuwa, mai shekara goma sha biyar, da sanda da gora da bargo irin na makiyaya. Aikin shi ne a bi garuruwan da suka watse, a tattara inuwoyi kamar awaki, a kora su har wurin masu su. Ban sa wani suna ba, Mai Kiwon Inuwa kawai. A zuciyata yarinya ce tun daga shafin farko. Na san tsayinta, na san taurin kanta, na san ba ta son a taimaka mata in tana iyawa. Lokacin da nake rubutun, rikicin masu bindiga na can arewa da mu labari ne da muke ji a rediyo muna girgiza kai.

Sai dai ni 'yar kudancin Adamawa ce. Babana ma'aikacin gwamnati ne, an kawo shi Jimeta ina goye. A gida yarenmu muke yi, a makaranta Turanci, a unguwa kuma Hausar nan da duk wanda ya tashi a Jimeta ya sani, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Mamana ya zo. Adda, wato yaya mace, ya tafi kasuwa. Ke da kai duk ka ne. Ba wanda ya taɓa rikicewa, don muna ganin mutumin da ake magana a kansa. Ban tuna cewa a takarda ba a ganin kowa ba.

A wurin buga takardun da na kai rubutun akwai mai gyara, wani mutumin Kano, dattijo mai tsabta, jan biro a aljihun gaba. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, aikinsa ya iya. Ranar da na je karɓar gyara ya miƙo mini takardun sun yi ja kamar an yanka kaza a kansu.

Ya ce, "Malama, jarumin nan naki ya ba ni wahala. Nan ya ce, can ta ce, a shafi ɗaya sai ya kwanta namiji ya tashi mace. Na duba na ga ya ɗin ya fi yawa, sai na daidaita shi. Ai ku Hausarku ta Yola ba ta raba maza da mata, kamar motar kasuwa."

Masu aikin injin suka yi dariya. Na yi dariya har na fi su. Kalma biyu ce da zan faɗa, mace ce, shi kenan ya gyara ya mayar. Amma faɗinta na nufin in yarda a gaban mutane cewa littafi guda na cika ina kiran mace ya, ni malamar makaranta mai takardar digiri. Kunya ta rufe ni. Na ce ya kyauta, na gode, haka nake nufi. Aka buga littafin da namiji a ciki, na ɗauko kwalayena na dawo gida raina a jagule.

Masu karatun farko ɗalibaina ne, kuma ba su raga mini ba. Wani ya ce babu soyayya ko ɗaya, wane irin littafi ne wannan. Wata ta tambaye ni me inuwa take ci a hanya. Wata uwa a cocinmu ta tare ni bayan sujada ta ce ta ƙwace littafin a hannun ɗanta, don mai kama inuwar mutane ai maye ne, ko na ba shi sanda ko ban ba shi ba. Akwai wurin da inuwar wani mai ƙiba ta maƙale a ƙofa, nan kam kowa ya yi dariya. Kwalaye biyu suka rage, na tura su ƙarƙashin gado, na daina zancen.

Sai gudun ya iso mana. Mutane suka riƙa kwararowa daga Mubi da Michika da Madagali da can wajen Gwoza, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa. Gidanmu mai ɗaki uku ya ɗauki mutanen da ba na iya ƙirga su sai lokacin rabon abinci. Kullum da sabon labari: masu bindigar sun kai gari kaza, gobe Yola za su kwana. A ƙofar kasuwa a laluba jakarka, a ƙofar coci a laluba, a hanya shinge bayan shinge. Na haɗa jaka na ajiye bayan ƙofa, in fitar da kaya in mayar, in sake fitarwa. Ba na iya zama. In na zauna in ci abinci sai in ga kaina a tsaye a bakin titi da kwano a hannu, ina duban motocin da ke fita gari.

Rashin iya zaman ne ya kai ni Malkohi, ba wani kirki ba. A can bayan Yola aka yi sansanin 'yan gudun hijira, kuma wasu malamai 'yan uwana suna zuwa ranar Asabar su koyar da yara. Na bi su. Aka ba ni manya, 'yan shekara goma sha uku zuwa sha bakwai, a ƙarƙashin wata rumfar tamfol mai zafi kamar tanda. Ba allo, ba littafi. Asabar ta biyu na jawo kwali ɗaya daga ƙarƙashin gado na tafi da shi.

Ban taɓa karanta wa mutane abu sun yi shiru irin wannan ba. Na karanta babin farko, inda garin ya watse, inuwoyi suka rage a tsaye a ƙofar gidaje, ba wanda ya motsa. Da na zo wurin inuwar mai ƙiba na ɗaga kai ina jiran dariya, ba ta zo ba. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, a nan kin sa sun gudu ta kan titi. Ba a bin titi. Titi ne wurin mutuwa." Sauran suka gyaɗa kai. Wata ta ce ba wanda ke tsayawa ya rufe ƙofa. Wata tsohuwa da ke zama a gefen rumfar don inuwa kawai ta jira na gama, ta kama hannuna ta tambaye ni ko mai kiwon nan yana zuwa wajen garinsu. Da aka tashi da tsakar rana na ga wasu daga cikin yaran suna duban ƙafafunsu a ɓoye. Tsoron littafina ya kama ni, amma da na ce mu canza wani abu suka ƙi.

Mutum biyu ne suka fi kowa riƙe labarin. Ɗaya ɗan wani malamin allo ne daga Borno, dogo, mai kaifin kai, Hausarsa kamar ta gidan rediyo. In muryata ta dushe shi nake miƙa wa littafin, kuma ya fi ni iya karanta shi. Ya samo sanda ya riƙa yawo da ita a sansanin, abokansa suna kiransa Mai Kiwon Inuwa, shi kuma yana amsawa.

Ɗayar yarinya ce daga duwatsun wajen Michika, ba za ta wuce goma sha biyar ba. Kullum da ƙaramin ƙaninta a bayanta, wasu ƙanne biyu kuma suna riƙe da gefen zanenta. A can baya take zama, ba ta cika magana ba. Iyayenta sun rabu da su a ranar gudu, ba labari. Ta faɗa wa mutane cewa ita kaɗai ta fito da ƙannen ta cikin duwatsu, kwana da kwanaki, amma ba a yarda ba. Matan sansanin suka ce wani babban mutum ne dai ya ja su, yarinya ta ruɗe ta manta. Ita kuma ba ta da mai shaida sai yara uku da ba su iya ba da labari ba.

Rigimar ta tashi ne a babi na shida. Mai Kiwon Inuwa ya tsinci inuwar jariri a wani gida, ta yi ƙanƙanta ba ta iya tafiya, sai ya goya ta da bargonsa. Ɗan malamin ne ke karantawa. Ya zo inda aka ce, yana tafiya yana miƙa hannu baya yana taɓa ƙafafunta. Sai muryar yarinyar ta fito daga can baya.

Ta ce, "Wannan mace ne."

Ɗan malamin ya ɗago. Ya ce, "Littafi ya ce ya."

Ta ce, "Namiji yana ɗaukan yaro a wuya. Wanda ya yi goyo ne yana taɓa ƙafa, ya ji ko ya yi sanyi. Wannan mace ne."

Jan biro ya bi littafin layi-layi ya kashe duk wani ta, amma bai san da wannan ba, ni ma da na rubuta ban san na bar shi ba. Haka na ga uwata tana yi, haka na yi wa ƙannena, hannuna ya rubuta ba tare da ya tambaye ni ba.

Ɗan malamin ya yi murmushi ya ce, "Mace ta kora garke a daji ita kaɗai? Kamar dai yadda kika ce ke kika fito da ƙannenki?"

Mazan suka fashe da dariya. Wasu 'yan matan suka taso masa, aji ya rabu biyu. Na buga hannu na ce a ci gaba da karatu, za su gani a gaba. Babu abin da za su gani a gaba, na sani. Kuma in ba zan yi wa kaina ƙarya ba, daɗi na ji. Ga yara suna faɗa a kan abin da na rubuta, abin da ban taɓa samu a Jimeta ba. Asabar biyu ana wannan musu. Yarinyar ta dawo zama a gaba. Ta riƙa kawo hujja: ga inda mai kiwon ya ba wa kowace inuwa ruwa kafin ya sha, ga inda ya ji motsi ya fara ƙirga na bayansa kafin ya nemi sanda. Shi kuma hujjarsa ɗaya ce, ya ɗaga littafin ya nuna kalmar da yatsa. Ni ina tsakiya ina ta kauce-kauce kamar mai tsallake kwata. Kowa a rumfar ya san ba a kan littafi kawai ake musun ba, ni ma na sani.

Asabar ta uku da fara musun mai gyaran nan ya zo. Ya ji ina karanta wa 'yan gudun hijira littafin, ya tono wasu kwafi da suka rage a sitonsu, ya ɗauko a keke napep ya kawo kyauta. Na ce ba mugu ba ne. Ya tsaya a bakin rumfar da kwalin a hannu yana sauraro, yana jin daɗi. A daidai lokacin yarinyar ta miƙe tsaye, da goyonta.

Ta ce, "Malama, kai ne ka rubuta. Ka faɗa. Mace ne ko namiji?"

Na dubi bakin rumfar. Mai gyaran yana nan da kwalinsa. Murmushi kawai ya yi da ya ji an ce mini kai ne, murmushin wanda ya ji abin da ya saba ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu magana, amma ni na ɓoye nawa. Na ji muryata tana fita, muryar aji, mai sanyi.

Na ce, "Ba a ce wa mace kai ne, ke ce ake cewa. Sannan littafi ya ce ya. Ya kuwa namiji ne."

Mazan suka tafa, ɗan malamin ya ɗaga sandarsa sama. Yarinyar ta dube ni, ba da fushi ba, duban wanda ya taka matakala ya tarar babu. Ta zauna. Ta tsaya har aka tashi, ta ja ƙannenta suka fita. Asabar ta gaba ba ta zo ba.

Na gan ta sau ɗaya a layin famfo, da ta hango ni ta juya baya. Na ji yaran sun sa mata suna Mai Kiwon Ƙarya, suna bin ta da shi har bakin tantinsu. Kullum ina ce wa kaina mako mai zuwa zan je in same ta, in kuma faɗi gaskiya a gaban aji. Mako ya zo, sai in ga ɗan malamin da sandarsa da hasken fuskarsa, in ce bari dai mu gama littafin tukuna. Ana haka aka zo ɗaukar sunayen yaran da za a saka a makarantun gari, kuma daga masu zuwa karatun Asabar aka ɗauka. Na ruga tantinsu don in ce ta zo a rubuta ta, na tarar da wasu mutane daban a ciki. Wani danginsu ya zo ya kwashe su. Wani ya ce Fufore, wani ya ce ƙetaren gada, wani ya ce sun koma gida.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, ni ce dai ban ci su ba, wata ce ta ci.

Yola ba ta faɗi ba. Baƙin gidanmu suka koma ɗaya bayan ɗaya, na kwance jakar bayan ƙofa, aka rage shingaye. Kowa ya samu ya zauna, ban da ni. Na sayi littafin nahawu na zauna ina koyon ya da ta kamar 'yar aji ɗaya, har na zama mai gyara wa mutane magana a keke, abin da ya sa ƙawayena suka fara gudun hira da ni. A kasuwar Jimeta duk macen da na gani da yara uku sai na sha gabanta na leƙa fuskarta. Sau biyu na je Fufore ba tare da na san gidan wa zan tambaya ba. Mijina ya gaji ya ce, "Ke yarinyar nan ta manta da ke tuni. Mutumin da ya tsira da rai zai riƙe maganar littafi?" Na so in yarda da shi, zuciyata ta ƙi.

Shekaru sun ja kafin na iya buɗe littafin. Da na buɗe na bi shi da kaina, layi-layi, na mayar da kowane ya ya koma ta. Na gyara gudun kan titi ya koma ta cikin gona da dutse. Na sake bugawa. A lokacin tsofaffin masu karatuna sun buɗe guruf a waya, 'yan makarantarmu da 'yan Malkohi da suka watsu a duniya, suna tuna baya. Ɗan malamin nan ne shugaban guruf ɗin, ya gama jami'a yana koyarwa. Na sa hoton sabon bugu na ce ga shi.

Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Wani ya rubuta, kin kashe mana jarumi. Wani ya ce ai an sani, Turawa ne suka ba ni kwangila in mayar da shi mace. Wani ɗan kasuwa ya turo murya rabi Hausa rabi Turancin broka, yana cewa Madam ta lalata abu mai kyau, wa ya aike ta. 'Yan mata biyu suka sa alamar tafi, aka yi musu ca suka goge. Na rubuta cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ba wanda ya kula. Sai ɗan malamin ya yi dogon rubutu, cikin ladabi, wanda ya fi zagin ciwo. Ya ce a sansanin nan bai da komai sai littafin. Ya ce babansa ya daina magana a lokacin, shi kuma in ya riƙe sandar nan sai ya ji akwai ranar da zai koma ya kwaso abin da suka baro. Ya ce, Malama, ke da bakinki kika ce namiji ne. Me ya canza?

Na rubuta amsa na goge ya fi sau goma. Wadda na tura a ƙarshe ita ce: kuskuren wurin bugu ne a karon farko. Na ɗora wa dattijon da ya riga ya koma Kano, wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Da na ajiye wayar na gane cewa duk nahawun da na koya bai canza ni ba.

Cikin wannan hayaniyar wata ta yi mini magana a gefe. Ta ce tana cikin ajin rumfar, ta tuna yarinyar mai goyo. Ta ce in ita nake nema, tana Vinikilang, tana noma, tana kuma sayar da kayan miya a bakin titi bayan an sauka gada. Shekara da shekaru ina nemanta har Fufore, ashe kogi kawai ne tsakaninmu.

Na tafi da safe, bayan an yi ruwa. Binuwai ya cika ya yi ja. Na sauka daga keke na bi layin masu kayan miya ina leƙa fuskoki, kamar yadda na saba. Ita ta fara gane ni. Tana zaune a kan benci da tiren kuɓewa a gabanta, ta zama cikakkiyar mace, hannuwanta duk kantar noma.

Ta ce, "Malama. Ka tsufa."

Muka gaisa, ta matsa mini a benci. Na tambayi ƙannenta, ta ce duk suna makaranta, ita ta saka su, har na goyon ya kusa gama firamare. Uwarsu ta bayyana daga baya, babansu bai bayyana ba. Na tambaye ta ita fa. Ta ce ita ina, wa zai yi noma. Ta faɗe shi kamar mai faɗin farashin tumatir.

Na fito da sabon littafin daga jaka. Duk jawabin da na shirya a keke ya gudu. Na ce, "Mace ce. Tun farko mace ce, haka na rubuta ta. Hausata ce ta ruɗa mai gyara, ni kuma kunya ta hana ni faɗa. Ranar nan ƙarya na yi miki."

Ta karɓi littafin ta juya shi, ta duba bangon, ta miƙo mini.

Ta ce, "Na sani, Malama. Ban tambaye ka don ban sani ba. Na tambaye ka don su ji."

Na rasa inda zan sa idona. Wata mai saye ta zo, ta auna mata kuɓewa, ta ƙara mata gyara, ta dawo ta zauna. Ta ce in ba ƙanwarta littafin, ita idonta ya manta karatu. Sannan ta ce, "Ba ni ne za ka faɗa wa ba."

A keke, a kan gada, na rubuta a guruf ɗin. Keke na tsalle, na yi ta kuskure ina gyarawa. Na ce ba kuskuren bugu ba ne. Na faɗi yadda na yi dariya a gaban mai gyara, na faɗi abin da na yi a rumfar da dalilin da ya sa na yi. Na ce yarinyar da kuka sa wa suna Mai Kiwon Ƙarya ita kaɗai ce ta karanta littafin daidai, kuma ta gane ne don ta yi abin da ke cikinsa. Na tura kafin mu sauka gadar, don na san halina.

Alama ta nuna an karanta, ba wanda ya ce uffan. Kwana uku ina zagaya gida da waya a hannu, na ƙona miya, na je makaranta na koyar da aji ɗaya darasin wani ajin. Ran na huɗu ɗan malamin ya rubuta layi biyu. Ya ce, ashe da gaske ita ta fito da su. Ni na fara kiranta da sunan nan, Allah ya yafe mini.

Ita ba ta cikin guruf ɗin, wayarta ƙarama ce mai tocila. Na sake hawa keke na ƙetare. Na same ta a wurinta, rana ta take. Na ce mata ɗan malamin nan mai sanda ya yi magana, bari in karanta mata. Na buɗe wayar.

Ta ce, "Tsaya."

Ta tashi ta kira mai tumatir da ke gefenta, ta kira mai yakuwa, ta kira wata tsohuwa mai daddawa da suka fito gari ɗaya. Ta aika a kira ƙanwarta daga cikin gida. Suka taru suna tambayar lafiya. Ta koma kan bencinta ta zauna, ta gyara ɗaurin zanenta.

Ta ce, "Yanzu ka karanta, Malama. Da ƙarfi."